Kafin a yi wa laftof fomat: yadda ake ceto aikin da ya maƙale a ciki

A ƙarshen zango, babu abin da ke tayar wa ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse hankali kamar laftof ta ƙi tashi alhali furojet ɗinsa na ciki. Sau da yawa aikin yana nan daram a faifan ajiya. Abin da ke salwantar da shi shi ne gaggawar ɗora sabon Windows, domin sababbin bayanai kan hau kan tsofaffi.

Matakin farko shi ne a kashe na'urar. In faifan na da lafiya, mai gyara zai cire shi, ya jona shi da wata kwamfuta ta wayar SATA zuwa USB, ya kwashe fayilolin. In goge su aka yi, manhajojin kyauta irin su Recuva da PhotoRec kan dawo da su.

Amma in faifan na ƙara ƙas-ƙas, yawanci allurar karatunsa ce ta lalace. Galibin faifan laftof na juyawa sau 5,400 a minti ɗaya, don haka duk kunnawa ƙarin karcewa ce. Buɗe shi cikin ƙurar hunturu kuwa ƙarasa shi ne; sai dai a kai wa ƙwararru.

Rigakafin na cikin aljihu: Google Drive na ba da 15GB kyauta, kuma daga waya ma ana iya loda furojet.