Yadda Unguwannin Kaduna Ke Haɗa Hannu Don Kiwon Lafiya

A birnin Kaduna, arewa da kogi, akwai manyan asibitoci. Akwai Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, da Babban Asibitin Kawo, da Asibitin Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada. Amma zama kusa da asibiti ba shi ne samun magani ba. Mai albashi zai ɗauki matarsa a mota ya kai ta awon ciki. Mai tura baro a Unguwar Shanu ko Hayin Banki kuwa sai ya yi lissafin kuɗin mota, da na kati, da na magani. Sau da yawa kuɗin ba sa kaiwa, sai matar ta haihu a gida. In jini ya ɓalle mata da dare, ana iya rasa ta.

Don rage wannan bambanci, gwamnatin Jihar Kaduna ta ɗauki aniya daga shekarar 2015 ta gyara ƙaramin asibiti ɗaya a kowace mazaɓa. Mazaɓun jihar 255 ne. To amma gini kaɗai ba ya jawo mutane. Dole a sami waɗanda jama'a suka yarda da su, su tsaya tsakanin asibiti da gidaje. Wannan shi ne aikin Kwamitin Raya Mazaɓa.

Mutanen unguwa ne a cikin kwamitin: mai unguwa ko wakilinsa, malaman addini, mata, matasa, 'yan kasuwa da malaman makaranta. Ba albashi ake biyansu ba, aikin sa kai ne. Ana so su zauna da shugaban asibiti kowane wata. Su tambaya ko akwai magani, ko ungozoma tana kwana, ko famfo yana ba da ruwa. Su kai kukan jama'a ƙaramar hukuma. Su kuma koma unguwa su sanar da ranar awo da ranar rigakafi, a masallaci da coci da wurin suna.

An ga amfanin irin wannan haɗin kai a yaƙi da shan inna. A shekarar 2003 jita-jita ta bazu cewa ɗigon rigakafin yana hana haihuwa. Har aka dakatar da shi na wani lokaci a jihohin Kano, Zamfara da Kaduna. Cutar ta sake yaɗuwa, yara da yawa suka nakasa. Ma'aikatan lafiya su kaɗai ba su iya shawo kan magidanta ba, don baƙo ba ya buɗe ƙofar da aka rufe da zargi. A 2009 sarakunan Arewa suka kafa kwamitinsu a ƙarƙashin Sarkin Musulmi, Alhaji Sa'ad Abubakar. Hakimai da dagatai da masu unguwanni suka shiga aikin. Aka ɗauki matan unguwa 'yan sa kai suna bi gida gida, suna hira da 'yan uwansu mata a tsakar gida. Magidancin da ya kori ma'aikaci, da wuya ya kori mai unguwarsa. A watan Agusta na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa an kawar da ainihin ƙwayar shan inna daga Afirka. Duk da haka ba a daina ɗigon ba, domin akwai wani nau'in ƙwayar da ke kama yaran da ba a yi wa rigakafi ba.

Sai maganar kuɗi. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ce a ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don kiwon lafiya matakin farko. Wani kaso yana zuwa asusun ƙaramin asibiti kai tsaye, don sayen magani da ƙananan gyare-gyare. Kwamiti na da hakkin sanin nawa aka samu da abin da aka yi da shi. A nan ake gane kwamiti na gaskiya. In 'yan siyasa suka cika shi da yaransu, ko aka zauna babu mace ko ɗaya, to ya zama kwamitin suna kawai. Ai mata ne suka san ko ana karɓar mai naƙuda da dare, ko ana ce mata ta dawo da safe.

Wannan tsari ba na birni kaɗai ba ne. An shirya shi ne don kowace mazaɓa, har da ta karkara. Duk mai son sanin 'yan kwamitin garinsu sai ya tambayi dagaci ko shugaban asibitin sha-ka-tafi, ya kuma nemi a gaya masa ranar da suke zama.