Garin Kunun Yara: Yadda Ake Haɗa Shi a Gida da Kuɗi Kaɗan

Daga watan Yuni zuwa Satumba, sa'ad da hatsin rumbu ya yi ƙasa, sabo kuma bai nuna ba, a lokacin ne asibitocin garuruwanmu na kan iyaka, daga Jibiya zuwa Maraɗi, daga Illela zuwa Birnin Ƙonni, suka fi karɓar yara masu tamowa. Cikinsu akwai 'ya'yan gidajen da ake ɗora tukunya kullum, har da na masu auna hatsi a kasuwa. A irin waɗannan gidaje abinci yana nan, amma abin da yake shiga cikin yaro kunu ne tsululu, wanda ruwansa ya rinjayi garinsa. Wannan takarda za ta bayyana yadda uwa za ta haɗa garin kunu mai gina jiki da hatsi da waken suya da gyaɗa, kayan da ake samu a kowace kasuwa, ko da naira aka riƙo ko da sefa.

Dalilin da ya sa kunu tsululu ba ya riƙe yaro

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a shayar da jariri nonon uwa zalla, ba ruwa ba jiƙo, har ya cika wata 6. Daga nan nono kaɗai ba ya isar sa, sai a fara ba shi abinci, a kuma ci gaba da shayarwa har shekara 2 ko fiye. Tsakanin wata 6 da wata 23 ne yaro ya fi shiga haɗari, domin jikinsa yana girma da sauri alhali cikinsa ƙarami ne. Cikin yaro ɗan wata 8 ba ya ɗaukar abin da ya wuce kimanin kofi guda, wajen mililita 250, a zama ɗaya.

To, idan aka cika wannan ɗan ciki da kunun da yake zuba kamar ruwa, yaro zai ƙoshi, ya yi shiru, ya yi barci, uwa ta ɗauka ya ci. Amma abin da jikinsa ya samu bai taka kara ya karya ba. Kwana da kwanaki a haka sai nauyinsa ya tsaya, damtsensa ya sirance, duk zawo ko zazzaɓin da ya gitta ya kayar da shi. Wani yaron ba ya ramewa sosai, sai dai ya tsumbure, tsawonsa ya kasa na sa'o'insa, kuma abin da ya rasa kafin ya cika shekara 2 yana da wuyar mayarwa daga baya.

Kayan haɗi da awonsu

Awon da ake koyarwa a arewacin Nijeriya, inda ake kiran garin Tom Brown, shi ne awo 6 na hatsi, awo 3 na waken suya, awo 1 na gyaɗa. A Nijar an fi sanin garin Misola, wanda aka fara haɗawa a garin Fada Ngurma na Burkina Faso a 1982, shi ma tushensa gero ne da waken suya da gyaɗa. Ma'aunin da za a yi amfani da shi bai dame mu ba, gwangwanin madara ne ko kwano ko tiya, muddin da ma'auni ɗaya aka auna duka ukun.

Hatsin zai iya zama gero ko dawa ko masara, ko a gauraya biyu. A duba wanda ya fi sauƙi a ranar kasuwa. Hatsi yana ba da kuzari, amma sinadarin gina jiki da yake cikin gero kimanin kashi 1 ne cikin 10, kuma bai cika ba. Waken suya kuwa fiye da kashi 1 cikin 3 na nauyinsa sinadarin gina jiki ne, yana kuma ɗauke da irin wanda hatsi ya rasa, shi ya sa haɗuwarsu ta fi kowannensu shi kaɗai. Gyaɗa kusan rabinta mai ne, mai kuwa shi ne yake sa ɗan abinci kaɗan ya ba da ƙarfi mai yawa. Inda waken suya ya yi wuya, farin wake zai iya maye gurbinsa, sai a ɗan ƙara gyaɗa domin farin wake ba shi da mai.

Abin lura wajen saye

Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma a kan gyaɗa da masara maganar ta fi ƙarfin ado, ta kai ga rai. Gyaɗar da ta sha danshi, ko aka zuba ta a buhu ba ta gama bushewa ba, tana yin fumfuna, fumfunar kuma tana fitar da guba mai suna afulatoksin. Wannan guba tana lalata hanta, tana jawo sankarar hanta bayan shekaru. Suya ba ta kashe ta, tafasa ba ta kashe ta. Abin da ya fi rage ta shi ne tsincewa: a zauna a fitar da duk ƙwayar da ta motse, ko ta canja launi, ko ƙwaro ya huda, ko take da ɗaci, a zubar. Kada a ce za a yi ƙuli-ƙuli da ita, kada kuma a ba akuya ko saniyar da ake tatsa, domin gubar tana biyowa ta nono.

Ku 'yan kasuwa, amanar nan tana hannunku. A ɗora buhuna a kan katako, kada a jingina su da bango mai jiƙa, kada a gauraya tsohuwar gyaɗa da sabuwa don a cika mudu. Hatsin da aka barbaɗa wa maganin ƙwari, da irin shuka mai launi da aka yi wa magani, ba na cin mutum ba ne ko kaɗan, balle jariri.

Matakan haɗa garin

1. A tsince hatsin, a rege shi a fitar da tsakuwa, a wanke, a shanya a kan tsaftatacciyar tabarma inda kaji da awaki ba za su kai ba.

2. A jiƙa waken suya ya kwana, a murje shi a cikin ruwa ɓawon ya fita, a tsiyaye, a shanya har ya bushe ƙarau.

3. A soya kowanne daban a busasshen kasko, da wuta kaɗan, ana juyawa ba tsayawa. Hatsi ya yi ƙamshi kawai. Waken suya sai ya yi ruwan ƙasa, ƙarninsa ya tafi. Wannan suyar wajibi ce, domin ɗanyen waken suya yana da sinadarin da yake hana ciki narkar da abinci, zafi ne yake karya shi. A kula kada ya ƙone.

4. A soya gyaɗa, a murje ɓawonta, a sheƙe, a sake tsincewa, domin wata ɓatacciyar sai an cire ɓawo take bayyana.

5. Idan duk sun huce, a haɗa a kai injin niƙa. A tabbatar ba barkono ko jiƙaƙƙen hatsi aka gama niƙawa ba. A baza garin ya sha iska, a tankaɗe da rariya mai laushi.

6. A zuba a busasshen mazubi mai murfi, a riƙa ɗiba da busasshen cokali. A haɗa abin da zai ƙare cikin mako 2 zuwa 4, domin man gyaɗa yana canja wari idan ya daɗe. Garin da ya dunƙule ko ya canja wari a zubar da shi.

Tsiro: dabarar sassauta kunu ba tare da ƙara ruwa ba

Uwa tana ƙara wa kunu ruwa ne don ta ga yaro ba ya iya haɗiye mai kauri. Masu kunun zaƙi sun daɗe da sanin maganin wannan: tsiro. Idan ƙwayar hatsi ta fara tsirowa, takan fitar da sinadarin da yake narkar da sitaci ya mai da shi sukari. Ɗan kaɗan na garin tsiro yana sa kunu mai kauri ya saki, ya yi zaƙi, alhali duk garin da aka zuba yana nan a ciki.

A jiƙa gero ya kwana, a tsiyaye, a baza a kan tsaftataccen buhu, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma. Cikin kwana 2 zuwa 3 zai tsiro. A shanya a rana ya bushe sarai, a murje saiwar da tohon a sheƙe su, musamman idan dawa ce, domin tohon dawa yana da guba. A daka a tankaɗe, a ajiye daban. Ba a soya tsiro, wuta tana kashe amfaninsa. Idan ya yi fumfuna wajen tsirowa, a zubar a sake wani.

Yadda ake damawa

A auna gari awo 1, ruwa mai tsafta awo 2. A kwaɓa garin da ruwan, a ɗora a wuta ana juyawa har ya tafasa ya dahu ya yi kauri. A sauke, a bari tiririn ya ɗan lafa, a barbaɗa garin tsiro kamar tsunkule 3, a juya. Cikin 'yan mintuna za a ga ya saki. A mayar wuta ya sake tafasa sau ɗaya, sannan a sauke ya huce. Inda babu tsiro, a dama shi da kaurin da idan an karkata cokali ba zai zube nan take ba.

Kowace rana a ƙara masa abu ɗaya daga abin da gida yake da shi. Ƙaramin cokali na manja yana ba da bitamin A mai kare ido da ƙarfafa jiki, haka ma dafaffiyar kabewa da karas da gwanda da mangwaro. Garin zogalen da aka shanya a inuwa, da dakakken busasshen kifin da aka cire wa ƙaya, da dafaffen ƙwai, da 'yar hanta da aka dafa aka murƙushe, suna taimakawa wajen hana ƙarancin jini. Ruwan lemo ko garin 'ya'yan kuka suna sa jiki ya fi tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci, shayi kuwa yana hana shi, don haka kada a ba ƙaramin yaro shayi. Sukari a taƙaita shi ƙwarai. Zuma kuma ba a ba yaron da bai cika shekara 1 ba, domin takan ɗauki ƙwayar cutar da take shanye jikin jariri.

Sau nawa, kuma yaya yawansa

Daga wata 6 zuwa 8, sau 2 zuwa 3 a rana. A fara da babban cokali 2 ko 3, ana ƙarawa har rabin kofi. Daga wata 9 zuwa 11, sau 3 zuwa 4, rabin kofi, tare da abincin gida da aka dagargaza. Daga shekara 1 zuwa 2, sau 3 zuwa 4, kusan cikin kofi, da ɗan abin taɓawa sau 1 ko 2 tsakani, kamar ayaba ko ƙosai ko awara. Nono yana nan a duk waɗannan watanni.

A ba yaro kwanonsa shi kaɗai, domin idan ya sa hannu tare da yayyensa ba za a san abin da ya ci ba. A ba shi da cokali, da lallashi. A daina ɗure: toshe wa yaro hanci a zuba masa kunu yana iya tura kunun cikin huhu, ya jawo ciwon haƙarƙari ko shaƙewa. Uwar da take zaman kasuwa ta tafi da busasshen garinta da kofi da cokali, ta dama sabo a can. Kunun da ya wuce awa 2 a ajiye, ba a ba yaro shi sai an sake tafasa shi sosai.

Jarkar wanke hannu

Zawo yana kwashe duk abin da kunu ya gina, kuma yawancinsa ta hannu da ruwa yake shiga. A sami jarka mai lita 5, a ɗumama ƙusa a huda ta kusa da wuya, a rataye ta a sanda tsakanin gwafa biyu. A ɗaura igiya daga bakin jarkar zuwa wani guntun itace a ƙasa. Idan an taka itacen sai jarkar ta sunkuya, ruwa ya tsiyayo, hannu bai taɓa ta ba. A rataye sabulu a gefe, a zuba tsakuwa a ƙasa don kada ruwa ya kwanta. A wanke hannu kafin girki, kafin ba yaro abinci, bayan fitowa daga bayan gida, da bayan yi wa yaro tsarki. A wanke hannun yaron shi ma.

Lokacin da kunu ba zai wadatar ba

Wannan gari na rigakafi ne da na ƙarin ƙarfi. Yaron da tamowa ta riga ta kama sosai, asibiti ne wurinsa. Ma'aikatan lafiya suna koya wa iyaye awon damtse ga yara daga wata 6 zuwa 59. Kore, wato santimita 12.5 zuwa sama, lafiya lau. Rawaya, daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5, a kai shi a duba cikin makon. Ja, wato ƙasa da 11.5, a kai shi a ranar. Haka nan idan ƙafafunsa biyu sun kumbura, aka danna da yatsa wurin ya lotsa, ko ya ƙi nono da abinci, ko yana amai da duk abin da ya ci, ko jijjiga ta kama shi, kada a kwana. Je ku asibitin da ya fi kusa da ku.

A can ana ba da abincin magani irin su Plumpy'Nut, wanda kowane ƙunshi yake da giram 92 da kalori 500. A 2005, lokacin ƙarancin abinci a Nijar, da irinsa aka yi jinyar dubban yara a jihar Maraɗi, akasarinsu suna gidajen iyayensu. An ƙidaya shi ne daidai nauyin yaron da aka rubuta wa. Raba shi da sauran yara, ko fitar da shi kasuwa, rage wa majinyaci magani ne. Ɗan kasuwar da aka kawo wa shi ya ƙi saye, ya taimaki yaron da bai taɓa gani ba.

Kira ga masu gida

Kaka ce lokacin da hatsi da wake da gyaɗa suka fi sauƙi. Maigida ya ware rabon yaro tun a lokacin, ya ajiye shi a busasshen wuri, kada ya taɓa shi ko da farashi ya hau. Matan unguwa kuma za su iya haɗa kai kamar yadda suke adashe, su sayi kaya a dunƙule, su soya tare, su biya kuɗin niƙa sau ɗaya, kowa ta ɗauki rabonta. Wanda yake da tambaya ya nemi ma'aikacin lafiya na unguwarsu ranar awo, ya taho da katin yaron a hannu. Allah ya raya mana zuri'a.