TARAR RASHIN LAMBAR GABAN MOTA: YADDA DIREBA ZAI KARE KANSA

Lokacin kaka lokaci ne na jigila. Motoci ƙanana da manya suna ta kwasar hatsi daga ƙauyuka zuwa kasuwa. Hanyoyin karkara kuwa cike suke da ramuka da gargada. Sau da yawa girgiza takan kwance ƙusoshin lambar gaban mota, lambar ta faɗi a daji, direba bai sani ba. Sai ya hau kwalta jami'an kiyaye haɗurra su tsayar da shi, su miƙa masa takardar tara.

A nan ne direbobi da yawa suke yin kuskure. Wani ya kama faɗa. Wani ya sa hannu a aljihu ya nemi ba da na goro. Duka biyun ƙarin wahala ne. Akwai hanyar da doka ta tsara, kuma ba ta fi ƙarfin talaka ba.

ABIN DA DOKA TA CE

An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wato FRSC, a shekarar 1988. A 2007 aka yi mata sabuwar doka, a 2012 kuma aka fitar da ƙa'idojin bin hanya na ƙasa. Ƙa'idojin sun ce mota ta ɗauki lamba biyu, ɗaya a gaba, ɗaya a baya, kuma a iya karanta su sarai. Lambar baya kaɗai ba ta wadatar ba.

Lamba ita ce sunan mota. Haruffa uku na farko suna nuna ƙaramar hukumar da aka yi wa motar rajista. Shuɗin rubutu na motar gida ne, ja na motar haya, kore na gwamnati. Idan mota ta buge mutum ta gudu, ko ɓarayi suka sace ta, da lamba ake bin sawunta.

A jadawalin dokar 2007, tarar laifin lamba naira 3,000 ce. Amma tarar yunƙurin ba jami'i cin hanci naira 10,000 ce, haka ma ta dukan jami'i a bakin aiki. Ashe wanda ya nemi gajeriyar hanya, garin neman gira zai rasa ido. Adadin tara yana iya canzawa idan an gyara doka, saboda haka a dubi abin da aka rubuta a takarda.

TAKARDAR TARA BA HUKUNCI BA CE

Wannan shi ne babban abin da ya kamata kowane direba ya riƙe. Takardar da jami'i ya rubuta zargi ce kawai. Tana ba mutum zaɓi biyu. Ko ya yarda ya yi laifi ya biya, ko ya ce bai yarda ba a je gaban alƙali. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce duk wanda ake zargi ba shi da laifi sai kotu ta tabbatar. Sashen ya kuma ba shi damar a saurare shi, a kuma ba shi tafinta kyauta idan ba ya jin harshen da ake shari'a da shi. Rashin jin Turanci ba zai hana mutum faɗin bakinsa ba.

Sai dai a lura. Wanda ya riga ya biya, kusan ya amsa laifi ke nan, kuma da wuya kuɗin su dawo. Mai niyyar ja da tara ya yanke shawara kafin ya je banki.

A BAKIN HANYA

Idan an tsayar da direba, ya sauka gefen hanya, ya yi sallama, ya nuna lasin tuƙi da takardun mota. Ya faɗi abin da ya sami lambar a taƙaice. Idan duk da haka an rubuta takarda, ya karɓa. Ya karanta ta, ko ya sa a karanta masa. Ya duba ko sunansa da lambar motar da ranar da wurin daidai suke, ya kuma ga wane laifi aka rubuta. Ga ɗaya daga cikin amfanin zuwa ajin yaƙi da jahilci: mutum ba zai sa hannu a kan abin da bai sani ba.

Ya lura da sunan jami'in da ke jikin rigarsa, da ofishin da ya fito, domin ban da jami'an tarayya akwai na jihohi, kamar KAROTA a Kano, kuma kowa da ofishinsa da dokarsa. Idan yana da waya mai hoto, ya ɗauki gaban motar da bayanta. Idan akwai fasinja ko yaron mota da ya ga abin da ya faru, a riƙe shi a matsayin shaida.

WANE NE YAKE DA HUJJA?

Ba kowa ne ya kamata ya ja ba. Wanda ya cire lamba da gangan, ko ya yi wata da watanni yana yawo babu ita, gara ya biya ya gyara. Masu abin faɗa su ne waɗannan:

1. Wanda lambarsa tana nan a maƙale, aka rubuta masa laifi bisa kuskure.
2. Wanda aka rubuta lambar wata mota a takardarsa.
3. Wanda lambarsa ta faɗi ko aka sace, kuma ya riga ya kai rahoto.
4. Wanda ya biya kuɗin sabuwar lamba, yana riƙe da rasidi, ba a ba shi ba tukuna.

Na ɗaya da na biyu suna musun laifin ne gaba ɗaya. Na uku da na huɗu uzuri suke kawowa. Uzuri ba ya tilasta wa alƙali, amma yakan sa a yi sassauci ko a sallami mutum da gargaɗi.

Akwai kuma bambanci tsakanin lambar da ta ɓace da wadda ta koɗe. A watan Janairu na 2025, Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta yanke hukunci cewa bai kamata a ci direba tara don rubutun lambarsa ya koɗe ba. Hukuncin bai shafi motar da babu lamba a gabanta ba.

MATAKAN DA ZA A BI

Da farko mutum ya je ofishin da aka rubuta a takardar, tun kafin wa'adi ya cika. Ya nemi ganin shugaban ofishin, ya miƙa kokensa a rubuce tare da kwafin takardunsa. Na asali su zauna a hannunsa. Ƙananan kurakurai da yawa a nan suke mutuwa.

Idan ba a daidaita ba, sai ya ce a kai shi kotu. Wani lokaci kotun tafi-da-gidanka ce, inda majistare yake zama kusa da hanya ya yanke shari'a a ranar. Da aka karanta masa laifi, ya ce bai amsa ba, sannan ya kawo hujjarsa a natse. Kada ya yi ƙarya, domin ramin ƙarya ƙurarre ne. Ya kuma sani cewa idan kotu ta same shi da laifi, dole ya biya. Idan an tsare motar, kuɗin ajiya yana ƙaruwa kullum, don haka kada a yi jinkiri.

Wanda ya zaɓi biya, ya biya a banki cikin asusun gwamnati, ya karɓi rasidi. Ba a biyan tara a hannun jami'i. Wanda yake ganin an zalunce shi yana iya kai kuka Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975, kuma ba a biyan ko kwabo. Shugabannin ƙungiyar direbobi a tasha su ma sukan raka ɗan'uwansu.

RIGA-KAFI YA FI MAGANI

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce wadda aka tanada kafin ranar kamu. Ranar da mai mota ya ga lamba ta ɓace, ya kai rahoto ofishin 'yan sanda ya karɓi takarda. Ya yi takardar rantsuwa a kotu. Sannan ya je ofishin lasin na jiha ya nemi wata. Wannan zai kare shi ko da ɓata-gari sun tsinci lambar sun aikata laifi da ita. Kada ya je wurin mai fenti a zana masa ta gwangwani, domin lambar jabu laifinta ya fi na rashin lamba.

Kowace safiya, idan direba ya duba ruwa da mai da tayoyi, ya taɓa lambar gaba ya ji ko tana girgiɗi. Noti biyu a wurin bakanike ba su kai kuɗin wunin kotu ba.