Idon da ke zaɓen ɗan kokowa

Mutum goma kacal jihar Dosso ke kaiwa gasar kokowa ta takobin ƙasa a Nijar. Goma daga gundumomi takwas, tun daga Dogondutsi da Loga har Gaya da ke bakin kogin Kwara. Sauran jihohi bakwai ma kowacce da nata goman, a haɗu mutum 80 a fili guda. Wanda aka kayar sau ɗaya ya fita daga layin masu neman takobi, ko da zai ci gaba da kare sunan jiharsa. Tun 1975 da aka buɗe gasar a Tawa, zamanin mulkin Seyni Kountché, lokacin da Kantu na Maraɗi ya zama sarki na farko, Dosso ba ta zama ƴar kallo ba. Salma Ɗan Rani ya kawo mata takobi tun a shekarun farko, shi ya sa filin kokowar birnin Dosso ke ɗauke da sunansa. A wannan zamani kuma Kadri Abdou, wanda duniya ta sani da Issaka Issaka, ya ɗauka har sau shida, na shidan a Agadez cikin Disamban 2023.

Kowa ya san sunan sarki. Wanda ba a cika tambaya ba shi ne mutumin da ya fara hango yaron tun yana ɗan shekara 15, yana kokowar dandali a ƙauye, ya ce wannan zai yi nisa. Me ya gani a jikinsa? Kuma sau nawa irin wannan ido ke kuskure?

A Yelu ta jihar Dosso da ƙauyukan da ke zube cikin Dallol Mawri, lokacin kokowa shi ne bayan kaka. An ɗaure gero, rake ya ƙosa a fadama, sanyi ya fara saukowa cikin giginyu. Da la'asar sakaliya makaɗi zai saki ganga, ƙanana su fara buɗe fili, manya sai can. A nan ake gane masu kallo iri biyu. Taro yana kallon sama: faɗin ƙirji, damtse, layu da guraye, da yadda yaro ke taka rawa idan an yi masa kirari. Tsofaffin ƴan kokowa kuwa, waɗanda gwiwa ta zaunar a kan tabarma, ƙasa suke kallo. Idonsu na kan sawun da yaro ke bari a rairayi. In ya ja ƙafa ya bar layi biyu a ware, ba su haɗe ba, ba su gitta juna ba, sai ka ji an ce yaron nan yana da ƙafa. In kuwa yana ɗaga dunduniya da zarar an tura shi, ko ƙafafunsa na haɗuwa wuri guda idan zai juya, to ko ya yi kaye a ranar, tsoho ba zai ce uffan ba.

Abin da tsohon ya gane da ido, kimiyya tana da bayaninsa. Nauyin jikin mutum yana tattaruwa ne a wani wuri kusa da cibiya, ƙasa kaɗan. Muddin wannan wurin yana saman filin da ke tsakanin tafin ƙafafu biyu, mutum na tsaye. Da ya fita daga nan, faɗuwa ta zo, sai fa in ƙafa ta yi saurin tarar sa. Kokowa gaba ɗayanta ƙoƙari ce ta fitar da cibiyar abokin karawa daga saman ƙafafunsa kafin ya gyara. Shi ya sa mai ware ƙafa, mai lanƙwasa gwiwa ya sauke ƙugu, yake da wuyar kayarwa. Amma duƙawa iri biyu ce. Akwai mai duƙawa da gwiwa da ƙugu, bayansa a miƙe, kansa a ɗage. Akwai mai duƙawa da tsatso, kai ya riga ƙafa yin gaba. Na biyun, ana fizgar wuyansa ƙasa ya tafi da hannuwa. Daga nesa duk sun yi ƙasa-ƙasa, amma ba ɗaya ba ne.

Wani abin mamaki, wannan kallon ƙafa da ƙugu shi ne sana'ar wasu mutane a Amurka, kuma ana biyan su albashi mai tsoka a kai. A ƙwallon Amurka, wadda ake runguma a gudu da ita, akwai ƙarti biyar da ke tsayuwa a sahun gaba. Ba su cika taɓa ƙwallo ba, ban da na tsakiya da ke miƙa ta. Aikinsu su tare ƙartin da ke son kutsowa, ko su ture su a buɗa hanya. A matakin ƙwararru kowannensu yakan kai kilo 140. Jami'o'i ke ɗaukar su daga makarantun sakandare, su ba su gurbin karatu kyauta, don haka sai an yi hasashen yadda ɗan shekara 17 zai zama yana ɗan 21. Masu farautar ƴan wasa sukan auna tsawon hannu, su duba yadda idon sawu ke lanƙwasa, su kalli bidiyon wasa ana maimaitawa don ganin taku biyu na farko. Kuma suna matuƙar son yaron da ya yi kokowa a makaranta. Stephen Neal bai buga ƙwallo a jami'a ba sam, ɗan kokowa ne da ya zama zakaran duniya a 1999, amma ƙungiyar New England Patriots ta ɗauke shi ta sa a wannan sahu, ya ci kofin Super Bowl sau uku tare da ita. Abin da suka saya a jikinsa shi ne abin da tsohon Yelu ke nema a rairayi.

Duk da kuɗi da na'urorinsu, su ma suna shan kuskure, kuma ramin da suke faɗawa shi ne namu: girman jiki.

A gasar takobi ba a raba ƴan kokowa ajin nauyi. Mai kilo 80 na iya haɗuwa da mai 120. Saboda haka nauyi yana da amfani, babu musu, don ture dutse ya fi ture buhu wuya. Amma lissafi ya nuna inda gizo ke saƙa. Ƙarfin tsoka yana bin kaurinta ne, nauyi kuwa yana bin girman jiki gaba ɗaya. In mutum ya ƙaru da kashi 10 cikin 100 ta kowace fuska, tsawo da faɗi da kauri, ƙarfinsa zai ƙaru da kusan kashi 21, nauyin jikinsa kuwa da kashi 33. Wato ƙato ya fi ƙarfi, amma kowane kilo nasa ya fi tsada wurin motsawa, kuma numfashi ya fi saurin ƙare masa idan karawa ta yi tsawo. In nauyin na kitse ne, to abin ya ƙara lalacewa, don kitse ba ya riƙo. Abin da ya kamata mai zaɓe ya tambaya ba nawa yaro ya auna yau ba ne, nawa ƙashinsa zai iya ɗauka gobe ba tare da ƙafa ta yi nauyi ba. Faɗin kafaɗa, kaurin wuyan hannu da na idon sawu, girman tafi, su ne ke ba da amsa. Wani lokaci ma kallon uban yaro da kawunnansa ya fi kallon shi kansa faɗin gaskiya.

Sai batun balaga, wanda a ganina shi ne ya fi cin yara. Samari ba sa girma lokaci ɗaya. Yawanci tsawo yakan yi tsalle wajen shekara 13 zuwa 14, amma wani ya riga, wani ya makara, har a samu tazarar shekara biyu ko uku tsakanin sa'o'i. Ɗan 15 da gemu ya fara tsiro masa zai yi ta watsar da tsaransa a dandali, makaɗa su kama sunansa, ƴan mata su ɗaura masa kallabi. Shi kuwa siririn nan mai dogayen gaɓoɓi, wanda ƙashinsa bai ƙosa ba, kullum shi ne a ƙasa. Bayan shekara huɗu labari na iya juyewa. Na farkon ya gama girmansa tuntuni, kuma da yake ƙarfi kawai ya ishe shi, bai taɓa koyon taɗiye ko zillewa ba. Na biyun, in bai yi zuciya ya bari ba, dole ta koya masa dabara, sannan jiki ya zo ya same shi da ita. Matsalar ita ce da yawa suna bari. A yankin da iyakar Najeriya da ta Benin ke kusa haka, saurayin da ba a kula shi ba, ci-rani zai ɗauke shi zuwa Kamba ko Malanville, ko can gaba, shi ke nan an rasa shi.

Sanin shekarun yaro na gaskiya ma aiki ne, don ba kowa ke da takardar haihuwa da aka yi a kan lokaci ba. A ƙwallon ƙafa abin ya kai FIFA ta koma ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu da na'urar asibiti tun gasar ƴan ƙasa da 17 da aka yi a Najeriya a 2009. Ba wanda zai kawo wannan na'ura Yelu, kuma ba a buƙatar ta. A ƙauye ana tuna wa aka haifa shekarar da aka yi kaza, wa ya sha nono tare da wa. Tambayar uwa ɗaya ta wadatar, in mai zaɓe zai yi ta.

Akwai kuma abin da ba ya aunuwa. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ka kalli yaro bayan an kayar da shi a gaban ƴan garinsu. Wani zai ɗora laifin a kan alƙali ko a kan asirin abokin karawa, a yi sati ba a gan shi ba. Wani zai kaɗe rairayi, ya koma gefe ya tsuguna yana kallon wanda ya kayar da shi yana karawa da wani. Wannan na biyun karatu yake. Haka nan a kalli wanda ke riƙo ya yi ta jan lokaci yana gudun shiga. A filin ƙauye ana iya kiran sa mai wayo, a gasar ƙasa kuwa gargaɗin alƙali zai tara har ya rasa wasan ba tare da bayansa ya taɓa ƙasa ba.

Yadda ake tace ƴan wasa daga ƙaramar hukuma zuwa gunduma zuwa jiha yana da adalcinsa: ka kayar, ka wuce. Ba na son a taɓa wannan, don shi ne ke hana ɗan wane shiga da alfarma. Amma tacewar tana amsa tambaya ɗaya ce tak, wa ya fi a wannan makon. Ba ta san da ɗan 16 da ya faɗi a zagayen farko a Gaya ba, wanda ƙafarsa ta fi ta wanda ya kayar da shi. Dosso ta karɓi baƙuncin gasar karo na 45 a Disamban 2024, kuma wata rana Issaka Issaka zai rataye walki kamar yadda Salma ya rataye. Magajinsa yanzu haka yana wani dandali.

Abin da ake buƙata bai kai kuɗin ragon da ake ba zakaran ƙauye ba: ma'auni, igiyar awo, littafi guda, da wayar da za ta ɗauki bidiyo. Kowace kaka a rubuta tsawon yaro da nauyinsa da faɗin hannuwansa in ya ware su, a ɗauki karawarsa biyu, har da wadda ya faɗi. A sa tsohon ɗan kokowa ya faɗi abin da ya gani, malamin motsa jiki na makaranta ya rubuta. Bayan kaka uku, littafin zai nuna wanda ya tsaya da girma da wanda ke tafe, kuma kocin jiha in ya sauko Yelu zai tarar da sunaye a rubuce, ba sai ya tambayi makaɗi ba.