Me Ya Sa Mota Ke Karkarwa Bayan An Sauya Mata Inji?

Idan aka ɗora wa tsohuwar Land Rover injin wata mota, giyabos yakan gusa daga mazauninsa, sai farfela ɗaya ta yi tsawo, ɗayar ta gaza. Bakanike yakan auna tazarar motar na tsaye bisa tayoyinta, sannan ya rage ko ya ƙara.

Amma fa tsawo ba shi ne babbar matsala ba. Farfela tana da kuros a kowane kai, kuma kuros da ya karkata yakan yi sauri ya lafa sau 2 a kowane zagaye. Na biyun ne ke soke wannan, muddin karkatarsu ta yi daidai, kuma kunnuwan farfelar suna kan layi ɗaya. In aka saɓa, sai mota ta yi ta karkarwa har kuros ya lalace.