Daga Congo-Russia Zuwa Gindiri a Kan Dokin Ƙarfe

Gabatarwa

Ni ba Bahaushe ba ne. A gida yarenmu muke yi, Hausa kuwa a titunan Congo-Russia da cikin majami'a na koye ta, kafin jami'a ta nuna mini ƙa'idojinta. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce in bayyana wa mai karatu yadda tafiyar ibada a kan keke take, bisa ga wadda muka yi mu goma sha huɗu, matasan ikilisiyarmu, daga Jos zuwa Gindiri.

Me Ya Sa Gindiri?

A shekarar 1904 ne Karl Kumm da abokansa na mishan ɗin SUM suka sauka a Wase, kuma daga aikinsu ne ikilisiyar COCIN ta samo tushe. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, sannan a 1934 mishan ɗin ya buɗe makaranta a Gindiri domin horar da malamai da masu bishara. Da yake ƙabilun Filato suna da yawa, Hausa ce ta zama harshen da ya haɗa su a aji da wajen sujada. Kakana yana cikin waɗanda suka yi karatu a can. Da keke ƙirar Raleigh ya riƙa zaga ƙauyuka yana wa'azi, littafinsa ɗaure a kan kariya. Don haka muka ga ya dace mu ɗanɗani kaɗan daga wahalar da magabatanmu suka sha.

Ba mu muka fara irin wannan tafiya ba. A Sifen, mai zuwa ziyara birnin Santiago de Compostela ba ya samun takardar shaida sai ya yi aƙalla kilomita 100 a ƙafa, ko 200 a kan keke. A Yuganda ma, jama'a kan yi tattaki na makonni zuwa Namugongo domin ranar shahidai, wato 3 ga Yuni. Daga nan Jos kuma wani matashi Musulmi ya tashi a kan keke a 2021, ya isa Saudiyya a ƙarshen 2022.

Yadda Ake Tafiyar

Hanyar ta bi ta Bukuru da Barikin Ladi da Mangu, tsawonta ya haura kilomita 80. Jos tana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, shi ya sa sanyin asuba lokacin hunturu yakan sandarar da yatsu har mutum ya kasa matsa birki. Duk da haka da asuba ake tashi, domin a ci rabin hanya kafin rana ta take.

Jagoranmu ya kafa mana dokoki uku. Na farko, a sha ruwa tun kafin a ji ƙishi, domin wanda ya jira ƙishi ƙarfinsa ya riga ya ragu. Na biyu, kada a yi gudu a farkon tafiya, gama hawan tudu yana gaba. Na uku, mafi rauni shi ke gaba, sauran su bi takunsa. Wannan doka ta uku ita ta fi mini wuya, kuma a cikinta ibadar take. Tuƙa keke abu ne na ƙafa, amma jiran ɗan'uwa abu ne na zuciya. A kowane zango mukan tsaya mu yi addu'a, mu rera waƙa ɗaya, mu ci ayaba da gyaɗa. A Barikin Ladi aka karanta mana Ibraniyawa sura 12, wadda ke magana a kan jimiri.

A matsayina na ɗalibin harshe, na lura da kalmomin keke. Taya da birki da feda da faci duk aro ne daga Ingilishi, amma sirdi daga kayan doki aka ɗauko shi. Ashe ba banza ake ce wa keke dokin ƙarfe ba.

Abin da Ya Fi Tudu Wuya

Mai karatu zai iya tuna cewa a unguwarmu ce rikicin ranar 7 ga Satumba, 2001 ya fara, sannan aka sake yin wasu a 2008 da 2010. Tun daga nan unguwanni da yawa suka rabu bisa addini, mu kuma muka tashi da sanin layin da ba a tsallakewa. Sai ga shi mai gyaran da ya fi kowa sanin tsofaffin kekuna a can tsallaken yake, wani dattijo Bahaushe. Mahaifiyata ta hana ni zuwa, sai da na yi ta roƙo.

Da na gaya masa inda za mu, sai ya dube ni ya ce, "Yaro, da wannan sarƙa? Ko Bukuru ba za ta kai ka ba." Ya canza ta, ya ɗaure birki, ya ba ni aron famfonsa. Na ce, "Baba, nawa zan bayar?" Ya karɓi kuɗin sarƙa kawai, ya ce in dawo masa da famfo, Allah ya kiyaye hanya. Bayan mun wuce Mangu tayoyi uku suka yi faci, kuma da famfon nan muka ba su iska.

Kammalawa

Mun shiga Gindiri da la'asar sakaliya, ƙafafuna suna rawa, mutum biyu suna tura kekunansu, amma babu wanda aka bari a baya. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Shawarata ga duk ƙungiyar da ke son gwadawa ita ce ta yi atisaye na makonni, ta binciki lafiyar hanya, ta sanar da jami'an tsaro, kada kuma ta yi tafiyar dare. Ni dai washegarin dawowarmu na mayar wa Baba famfonsa, tare da ƙullin dankalin Turawa da mahaifiyata ta ce in kai masa.