Abubuwan Mamaki Kan Katin Shaida da Tsallaka Iyaka

Hedkwatar ECOWAS a Abuja take, amma Senegal ce ta riga kowa fitar da katin shaidar ƙungiyar mai ɗauke da zanen yatsa, a 2016, shekara biyu bayan shugabanni sun amince da shi. Izinin shiga ƙasar maƙwabta ba tare da biza ba har tsawon kwana 90 kuwa yana nan a rubuce tun 1979.

A Najeriya, lambar NIN da BVN kowacce alƙaluma 11 ce, amma gidansu daban. Hukumar NIMC da aka kafa a 2007 ke ba da ta farko, ta biyu kuma Babban Banki ne ya ɓullo da ita a 2014. Da yawa ba su san cewa baƙon da ke zaune a ƙasar bisa ƙa'ida shi ma yana iya mallakar NIN ba. Katin ɗan ƙasa da Shugaba Goodluck Jonathan ya ƙaddamar a Abuja a watan Agustan 2014 ma ya jawo surutu, saboda tambarin MasterCard da ke jikinsa.

Inda abin ya fi ɗaure kai shi ne sunayenmu. Yusufu a Katsina shi ne Issoufou a Maraɗi, Usman a Illela shi ne Ousmane a Birnin Ƙonni. Jami'in kan iyakar Jibiya na ji ya san suna ɗaya ne, kwamfuta kuwa mutum biyu take gani. Ga batun ranar haihuwa: tsofaffin takardun Nijar kan ce an haifi mutum "wajajen" shekara kaza, a namu ɓangaren kuma wanda bai san tasa ba sau da yawa 1 ga Janairu ake liƙa masa. Wanda ke shan wahalar wannan saɓani shi ne ɗan kasuwar da ke kai albasa ko dabbobi, wanda bai taɓa riƙe fasfo ba.

Ranar 29 ga Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS, duk da haka ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katunansu masu tambarinta har sai an ji wata sanarwa.

Kenya da Yuganda da Ruwanda fa? Tun 2014 mutanensu ke shiga ƙasashen juna da katin ɗan ƙasa kawai.

Dokar kare bayanai ta 2023 ta gindaya sharuɗɗa kafin a fitar da bayanan ɗan Najeriya waje, kuma hakan daidai ne. Masu tsara aikin katin shaida a Abuja, don Allah ku je Jibiya da Illela ku ga takardun da mutane ke riƙe da su kafin ku sayo na'urori.